Ƙarshen Littafin Yana Sabuwa

Ketare, ta Kankara
3 ga Yuli, 1977

Zuwa ga Yaya Inusa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Zainabu da yara. Yaya aikin malamin gona, yaya Sabuwa da ruwa? Mu nan damina ta zauna, an gama noman farko, dawa ta yi kyau. Makaranta kuwa tun da aka ce karatu kyauta ne, yara tamanin nake fama da su a aji ɗaya, har muryata ta dushe. Kowa lafiya a gida in ban da Baba, kuma saboda shi na zauna rubuta maka wannan takarda daga dawowata coci.

Ka tuna littafin nan da ka sayo a Zariya, Baƙon da Bai Wayi Gari Ba? Ranar sunan ɗan ƙanwarka Lauratu a Faskari muka yi ta ja-in-ja a kansa mu uku, har ka sa reza ka yanke ɗinkin, ka raba shi kashi uku. Ka ce in ka gama kashi ɗaya ka tura wa Lauratu, in ta gama ta turo mini. To, na farko da na biyu sun iso ta hannun Gide direba. Ni da rawar kai, maimakon in karanta abina a ɗaki, sai na riƙa karanta wa mutanen unguwa a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu in an taso daga gona. Tun ana mutum biyar har aka koma kowa da kujerarsa yake zuwa. Har Iya Kulu, uwar Rabo maƙwabcinmu, da ba ta gani sosai, takan zo da audugarta tana kaɗi tana saurare.

Kai ka san labarin, amma ba ka san gidanmu yadda unguwa ta san shi ba. A littafin, zamanin fataucin goro, madugu ya sauka a gidan wani Sarkin Noma mai suna Ranau, da gari ya waye aka tsinci gawarsa a rumbu, aka aiko malami daga birni ya gano wanda ya kashe shi. Yaya, Ranau sunan kakan Baba ne, shi ya haifi kakarka. Shi ma Sarkin Noma ne, shi ma gidansa a gindin dutse yake, inda muke zaune har yau. Da farko dariya muka yi ta yi. Amma a ƙarshen kashi na biyu malamin ya duba saran da ke kan gawar ya ce bahago ne ya yi shi, kuma Ranau na littafi bahago ne. Ka san Baba da hagu yake riƙe fartanya, haka ubansa ya yi.

Ina rufe shafin Rabo ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce ashe shekara da shekaru jikokin mai kisan baƙo ke riƙe musu da sarautar noma. Dama ya daɗe yana hangen sarautar nan da ke hannun Baba. Na ce masa ƙagaggen labari ne, wani ne ya zauna a Zariya ya tsara abinsa. Ya ce ƙarya ba ta shiga inji, gwamnati ba za ta bari a buga abin da bai faru ba a sayar wa jama'a. Ina kallo mutane suna gyaɗa kai.

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Yau kwana huɗu bai sa tuwo a baki ba. Ya ce ba zai ci ba sai ya ji abin da takarda ta faɗa a ƙarshe.

Ni na tabbata ba Ranau ba ne, ai a irin wannan labari wanda aka fara zargi ba shi ke zama mai laifi ba. Don Allah ka ba Gide kashi na uku ya kawo mini kai tsaye, ka tsallake Lauratu, ni zan ba ta haƙuri. Ranar Talata sha biyu ga wata Baba ya kira gayyar maimai, ina so in karanta wa unguwa kafin ranar.

Ƙanwarka,
Tabita


Sabuwa
8 ga Yuli, 1977

Zuwa ga taubashiyata Malama Tabita,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, muna nan lafiya lau, Zainabu tana gaishe ki, ƙaramin ma ya warke daga zawon haƙori. Aiki ne dai ya sa ni gaba. Takin zamani ya iso, kullum ina kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan ina roƙon manoma su karɓa, wasu suna cewa zai ƙone musu ƙasa.

Takardarki ta same ni, na yi dariya har Zainabu ta leƙo ta ga ko lafiya. Kai Tabita, Allah ya shirye ki! Ashe ke ya kamata ki rubuta littafin. Baba Ɗanhausa da na sani, wanda ke tashi da malmala uku ya ce a ƙaro miya, shi ne zai bar tuwo saboda takarda? Wannan dabarar ba ta kama ni ba. Bara ma haka kika rubuto cewa macijin gona ya sare ki, na baro aiki na zo na tarar da ke kina cin gyaɗa kina mini dariya. Taubasantakar da muka gada daga iyaye ba ta ce a tsallake layi ba. Lauratu ce a gabanki, ki jira ta.

Balle ma ni kaina ban gama ba, saura shafi kamar ashirin. Ke da kike bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, ina mamakin yadda kika cinye kashi biyu cikin wata guda. Ki gaya wa Baba Ɗanhausa in na zo da kaka zan biya tarar kakanmu da goro ƙwarya ɗaya. Shi kuma Rabo ki ce ya je ya koyi abacada kafin ya yi wa littafi fassara.

Ki gaishe da mutanen gida baki ɗaya.

Ubangidanki,
Inusa


Ketare
13 ga Yuli, 1977

Yaya Inusa,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu ba mu lafiya. Na karanta takardarka sau biyu, na rasa ko in yi kuka ko in yayyaga ta. Laifina ne, na saba maka da wasa har ranar da na zo da gaskiya ka ɗauke ta wasa. To ka ji, na ajiye taubasantaka a gefe, da sunan Allah da kake bauta wa nake maka magana.

Jiya aka yi gayya, in har za a kira ta gayya. Kwana uku mata suna dahuwar giya, tukunya huɗu. An yanka akuya, an tuƙa tuwo kamar na biki, makaɗan noma suka iso tun da sassafe. Bara mutum saba'in suka shiga gonar nan, kafin rana ta take sun fita ta ɗaya gefen. Jiya mutum tara suka zo, shida a ciki 'yan gidanmu ne. Da makaɗi ya ɗauko kirarin Ranau kamar yadda aka saba, sai muka ji dariya daga gonar Rabo, wani ya ɗaga murya ya ce a tambayi gidan ko akwai sauran wuri a rumbu. Makaɗin ya sauke gangarsa. Baba yana zaune a bakin gona a kan turmi, mu muka riƙo shi zuwa wurin, ya ce a mai da shi gida. Giyar tana nan ta yi tsami, tuwon mun raba wa karnuka da kaji.

A makaranta yara sun mai da abin waƙa. Na zane biyu, sai na ga iyayensu ne ya kamata a zane. 'Yan cocinmu sun zo sun yi addu'a, limamin Ketare ma ya aiko da gaisuwa. Baba ya gode musu duka, kai ka san shi, bai taɓa shiga coci ba, bai taɓa shiga masallaci ba, kuma bai taɓa korar mai addu'a ba. Amma bai ci ba. Mutum ɗaya yake karɓar abu a hannunta, Iya Kulu. Kullum da hantsi takan lallaɓo da kunu a ɗan ƙoƙo, shi kuma ya kurɓa sau uku ya miƙa mata. Ɗanta ne ya kunna wutar nan, ita kuma ke kawo kunu, ni abin ya fi ƙarfin tunanina.

Na zauna na yi wa Baba bayani har bakina ya bushe, cewa marubuci yana iya ɗauko kowane suna. Ya dube ni ya ce, “Ɗiyata, ke kin san takarda, ni na san gida.” Wannan maganar ta tsaya mini a rai, ban san abin da yake nufi ba.

Yau kwana goma sha huɗu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina jin tsoro, Yaya, tsoro nake ji ƙwarai, kuma ni na jawo da bakina. Shafi ashirin ba aikin yini ba ne. In ba ka da lokaci kada ma ka karanta, ka naɗe ka ba Gide ranar kasuwa. Ranau kakanka ne kai ma, ko da kakarka ta yi aure Ruwan Godiya ta musulunta, jinin bai canza ba.

Tabita


Sabuwa
17 ga Yuli, 1977

Zuwa ga Tabita,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Na ga takardarki, ki yafe mini dariyar da na yi, ban san abin ya kai haka ba. Allah ya ba Baba Ɗanhausa lafiya.

Game da kashi na uku, kafin takardarki ta iso na riga na tura wa Lauratu. Wataƙila ruwa ne ya tsare shi a hanya, kin san yadda hanyar Faskari take a wannan wata. Ki ƙara haƙuri. Kafin nan ki lallashi Baba ya ci abinci, ki ce masa na karanta kuma ba abin tayar da hankali.

Aiki ya yi yawa, shi ya sa na taƙaita.

Yayanki,
Inusa


Ketare
24 ga Yuli, 1977

Yaya Inusa,

Ina gaisuwa don iyayenmu sun koya mana a fara da gaisuwa. Lauratu da jaririnta suna lafiya, da idona na gan su jiya.

Na je Faskari. Na tashi tun asuba ranar Asabar, motar da na shiga ta kafe a laka sau biyu, ta ukun muka sauka muka taka da ƙafa, takalmina ɗaya yana can cikin taɓo har yanzu. Na isa gidan Lauratu kamar wadda aka tono. Ko zama ban yi ba na ce ta ba ni littafi. Ta yi rantsuwa ba abin da ya iso mata tun kashi na biyu, har ta zazzage akwatinta a gabana. Na samu Gide a tasha yana cin rogo, ya ce rabon da ka ba shi wani abu ban da takarda tun watan jiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Yaya. Kai ko ƙaryar ba ka iya ba, ka rubuto mini takarda babu tsokana ko ɗaya a ciki, har ka sa hannu da Yayanki. Tun daga nan ya kamata in gane.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na ɗauki maganarka na kai wa Baba, na ce Inusa ya karanta ya ce ba abin tayar da hankali. Ya ce in ba abin tayar da hankali, mi ya hana takardar zuwa?

Yanzu ba ya iya fita ko ƙofar ɗaki sai an tallafe shi. Kunun Iya Kulu ya koma kurɓa biyu. Mai ba da magani na Kankara ya zo ya duba shi, ya ce ba cuta a jikinsa, yunwa ce, kuma ba shi da allurar da ke sa mutum ya so abinci. Dattawan unguwa sun aiko cewa ranar Lahadi mai zuwa za su zauna a kan maganar sarauta, ko a karɓi fartanyar Sarkin Noma daga gidanmu. Fartanyar nan tana rataye a ɗakin Baba tun kafin a haifi uwata. Ciyawa ta cinye rabin gonar, wannan ma ban damu da ita ba. Na san ranar da aka fitar da fartanyar nan daga ɗakin, gawarsa ce za ta biyo baya.

Me na yi maka? In ka ɓatar da shi ne, ka faɗa, ba zan ce komai ba, ka zauna ka rubuto da hannunka abin da ka karanta. In wani ka ba aro, ka hau babur ɗin nan da kake taƙama da shi ka karɓo. In yara sun yaga, ka aiko da guntayen, ni zan jera su. Na tambaya a kantin littattafai na Kankara ba su taɓa jin sunansa ba, Zariya kuma ba zan iya zuwa in bar Baba kwana biyu ba. Duk duniya kai kaɗai ke riƙe da ƙarshen labarin nan.

Ina roƙonka, na durƙusa. In Alhamis ta wuce Gide bai kawo komai ba, zan taho Sabuwa ko da ƙafa ne, in zauna a ƙofar ofishinku har ka fito.

Tabita


Sabuwa
27 ga Yuli, 1977

Ƙanwata Tabita,

Bayan gaisuwa, jikinmu lafiya, amma ni ban da kwanciyar rai tun ranar da takardarki ta biyu ta iso. Ga kashi na uku nan a cikin wannan ƙunshi. Bai taɓa barin aljihun jakata ba. Na yi miki ƙarya, na sa kika taka laka a banza, ba ni da bakin ba ki haƙuri.

Ranar da na gane da gaske kike, na rufe ƙofar ofis na ƙarasa shafukan nan a zama ɗaya, ina murna zan aiko miki da maganin Rabo. Tabita, Ranau ne. Littafin ya ce shi ya sare madugun da gatari ya jefa shi a rumbu, don kwaɗayin goro da azurfar da ya gani a kayansa. Ba wata kwana, ba wani ɓoyayyen mai laifi. Malamin ya kama shi da hujja, shi ke nan labari ya ƙare.

Na rasa yadda zan yi. In na aiko, na ba Rabo wuƙa. In na riƙe, ke kina can kina ƙonewa. Sau biyu na kai shi bakin murhu, Zainabu ta riƙe hannuna ta ce ba nawa ba ne ni kaɗai. Na ce bari in ja kwanaki, wataƙila yunwa ta ci ƙarfin Baba Ɗanhausa ya haƙura, mutane kuma su sami wani abin magana. Ashe ban san tsohon ba.

Ga shawarata, ki ɗauka ko ki bari. A unguwarku ke kaɗai ke karatu da sauri, Rabo ko sunansa ba ya ganewa a takarda. Akwai baran madugun nan da aka yi ta ambata a kashi na farko, mai jan jakuna, wanda ubangidansa ya mara a gaban mutane. In kin zo shafi biyun ƙarshe, ki riƙe littafin a hannu ki ɗora laifin a kansa, ki ce shi ma bahago ne ya ɓoye. Ba wanda zai sani sai ni da ke. Na san addininki ya hana ƙarya, nawa ma ya hana, amma ran tsoho ne a gaba. In akwai zunubi a raba mana biyu.

Da zan iya da na zo, amma kunyar haɗa ido da ke ta fi ruwan hanya tsare ni.

Yayanki mai laifi,
Inusa


Ketare
7 ga Agusta, 1977

Yaya Inusa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Zainabu da yara kuna lafiya. Ka gode mini da Zainabu da ta riƙe hannunka. Ka sami wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ƙunshinka ya iso ranar Alhamis. Na karanta shafukan ni kaɗai a bayan makaranta, na yi kuka har na gode Allah, sannan na ɗauki shawararka. Kwana biyu ina haddace ƙaryar, ina gyara ta, har ta zauna daram. Na aika wa dattawa cewa kafin su zauna ranar Lahadi su bari a ji ƙarshen littafi. Ban taɓa ganin taro irin na ranar a gindin ɗorawar nan ba, har daga wasu unguwanni aka zo. Baba ya ce a fito da shi. Muka shimfiɗa masa tabarma dab da ni, aka jingina shi da buhun dawa.

Na yi ta karatu lafiya har na iso shafi biyun nan. Na ɗauko zancen bara mai jan jakuna, muryata ko rawa ba ta yi ba. Ban yi layi biyar ba na ji hannun Baba a kan gwiwata. Ya ce, “Ɗiyata, yatsanki ya tsaya, bakinki na tafiya. Koma inda yatsan yake.” Yatsan nan da kake mini dariya a kansa, shi ya tona ni. Wata guda tsohon nan yana kallon hannuna in ina karatu, ni ban sani ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na koma na karanta abin da ke rubuce, gatari da rumbu da goro da azurfa, ban tsallake ko kalma ba. Na rufe littafin. Rabo ya fara gyaran murya, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a ɗaga shi zaune sosai.

Ya ce takarda ta yi gaskiya, kakansa ya kashe baƙo a gidansa, kuma shi ya san haka tun yana yaro, ubansa ya gaya masa a bakin rumbun. Ya ce bai bar tuwo don ana zarginsu ba, ya bari ne yana jira ya ji ko mai takardar ya san dalili, ga shi bai sani ba. Ba goro ba ne. Madugun nan ya zo da yara uku a cikin ayarinsa, ɗaure da igiya a wuya a tsakanin jakuna, an kwaso su daga wani gari da aka ƙone, za a kai su kasuwa. Ranau ya kai wa jakuna harawa ya gan su. Ya roƙi madugun ya bar su, ya yi masa tayin rumbu guda na dawa, madugun ya yi dariya. Abin da ya biyo baya shi ne a littafi. Yaran ba su da garin komawa, sai Ranau ya raba su gidajen unguwa, da suka girma aka yanka musu gona aka yi musu aure. Ya kuma sa 'ya'yansa suka yi rantsuwa a gidan tsafi cewa har abada ba mai faɗin sunan yaran, don kada wata rana a goranta wa jikokinsu cewa da igiya aka kawo su.

Rabo ya yi dariya ya ce wannan labari ya fi na littafi daɗi, amma ina shaida? A faɗi sunan yaro ɗaya mana. Baba ya ce ba zai faɗa ba, su ɗauki fartanyar. Ya ce da ni in shiga ɗaki in ɗauko musu.

Na miƙe ke nan, sai Iya Kulu ta ajiye mazarinta. Ka san muryarta ba ta da ƙarfi, amma ba wanda bai ji ba. Ta ce, “Zauna, Tabita. Ɗaya ubana ne.” Ta ce har ya mutu akwai tabo zagaye da wuyansa, yana ce wa mutane ƙuna ce, sai da ya kwanta ciwon ajali ya gaya mata gaskiya. Ta juya wajen ɗanta ta ce, “Rabo, da ba a sa gawar nan a rumbu ba, da ba a haife ni ba, balle kai.”

Yaya, ban san yadda taron ya watse ba. Na dai ga dattawa suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna zuwa gaban Baba suna durƙusawa, ba wanda ya ƙara ta da zancen fartanya. Rabo ya daɗe a tsaye kamar an dasa shi, sannan ya kama hannun uwarsa suka tafi. Baba bai yi murna ba. Ya yi ta faɗa cewa Kulu ta yi ganganci, abin da aka rufe shekara kusan ɗari ta buɗe shi saboda tsoho ɗaya. Washegari da ta kawo kunu ta ce masa ai rantsuwar gidanku ce, ba ta gidanmu ba. Ya shanye ƙoƙon tas, ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya a ɗumama masa.

Ranar Talata da na fito zan tafi makaranta na hango mutum ɗaya a gonarmu, ya duƙa cikin ciyawa, ba kiɗa ba giya. Rabo ne. Kafin in tashi yara, masu noman sun kai mutum talatin. Har yau bai zo ya ba Baba haƙuri da baki ba, Baba kuma ya ce kada wanda ya matsa masa.

Jikin Baba da saura, ƙafafun ba su dawo ba, mai magani ya ce a bi shi a hankali. Amma yana ci, jiya har ya ce miyar ba gishiri.

Ban san inda marubucin nan ya samo labarinsa ba, wataƙila daga bakin jikokin fatake, su kuma abin da suka sani ke nan. Baba ya sa na ciro takardu huɗu daga littafin rubutun makaranta na rubuta abin da ya faɗa. Iya Kulu ta zo ta zauna a kaina sai da na sa sunan ubanta, ta ce ya gaji da ɓuya. Sauran biyun ba a sa ba. Na haɗa kashi ukun da takardun nan a baya, na ɗinke da basilla da zaren da ta kaɗa a gindin ɗorawa. Gide zai kai wa Lauratu, don ita ba ta ji ƙarshen ba, in ta gama ta turo maka ka karanta shafi huɗun da ba a buga a Zariya ba.

Na yafe maka laka da takalmina, amma goron tara da ka yi alkawari yana nan, Baba ya ce ƙwarya biyu, kuma da ƙafarka za ka kawo. Duk wanda za ka ba aron littafin nan bayanka, ka ba shi gaba ɗayansa. Kada ka sake sa masa reza.

Uwar ɗakinka,
Tabita